Bizar karatu a Jamus: a san ƙofar da za a shiga tun daga gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin iyaye da ɗalibai kan wata magana da ta yaɗu a garuruwanmu. Ana cewa karatu kyauta ne a Jamus, abin da ake buƙata kawai shi ne yaro ya samu makarantar koyon Jamusanci ya tafi, in ya isa sai ya zarce jami'a. Akwai gaskiya a ciki, domin mafi yawan jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Amma batun zarcewar nan, wanda dillalan tafiya ke faɗa kamar abu ne mai sauƙi, shi ne inda dukiyar iyaye da shekarun yara ke salwanta. Dokar zaman baƙi ta Jamus tana ɗaure kowace biza da dalilin da aka bayar da ita, kuma wanda ya shiga ta wata ƙofa ba shi da tabbacin za a buɗe masa wata daga ciki.

Mu fara da wadda ba ta da amfani ga ɗalibi sam, wato bizar ziyara ta ƙasashen Shengen, rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Jamus. Kwana 90 take bayarwa a cikin kowane kwana 180, kuma ba a mayar da ita izinin zaman karatu a cikin Jamus. Duk wanda ya ce wa yaro ya shiga da ita, a gyara takardu daga baya, ya cuce shi. Ko da jami'a ta ɗauke shi, sai ya dawo gida ya nemi bizar dogon zama, wadda ake yi wa alamar D.

A cikin bizar dogon zaman kuma akwai hanyoyi uku da mutanenmu ke cakuɗawa. Ta farko ita ce bizar koyon harshe zalla, a ƙarƙashin sashe na 16f na dokar. Iyakarta wata 12, kuma dole kwas ɗin ya zama na kullum, aƙalla darasi 18 a mako. Ajin yamma ko na ƙarshen mako ba ya shiga lissafi. Ta biyu ita ce bizar karatu a ƙarƙashin sashe na 16b, wadda ta haɗa da share fagen shiga jami'a, wato koyon harshe domin karatu da kuma kwalejin share fage da suke kira Studienkolleg. Ta uku ita ce bizar neman gurbi a ƙarƙashin sashe na 17, ga wanda takardunsa sun isa shiga jami'a amma bai samu gurbi ba tukuna. Wata tara ake ba shi ya nema.

Yara biyu za su iya zama a benci ɗaya a ajin Jamusanci a Berlin ko Hamburg, malami ɗaya, littafi ɗaya, amma matsayinsu a gaban hukuma ya sha bamban. Wanda ya shiga da 16b, musamman idan yana riƙe da takardar jami'a da ta ce ta ɗauke shi bisa sharaɗin ya kawo shaidar harshe, hukuma ta riga ta san inda ya dosa. In ya ci jarrabawa sai ya yi rajista, a sabunta masa izini. Wanda ya shiga da 16f kuwa, koyon harshe kaɗai ya ce ya zo yi. Yayin da yake cikin kwas ɗin, ba shi da tabbacin za a sauya masa dalilin zama sai inda doka ta ba shi haƙƙi kai tsaye, misali ya samu cikakken gurbi a jami'a kuma ya cika sauran sharuɗɗa. Idan wata 12 suka cika bai kai matakin da jami'a ke so ba, ko takardunsa na sakandare ba su isa ba, babu abin da zai riƙe. Shi ya sa muke cewa duk wanda burinsa digiri ne ya faɗi haka tun a takardar neman biza, ya nemi 16b. Ɓoye niyya da tunanin wai bizar harshe ta fi sauƙin samu kuskure ne babba. Jami'in biza da ya ga matashi bai taɓa buɗe littafin Jamusanci a gida ba, ba shi da aikin da ke buƙatar harshen, ga shi yana son kashe miliyoyi ya koyo shi a Turai, abin da zai fara zargi shi ne hanyar ƙaura ake nema.

Akwai lissafin lokaci da ya kamata kowane uba ya yi da biro da takarda. Dukan share fage, harshe da Studienkolleg a haɗe, shekara biyu aka ƙayyade masa a ƙa'ida. Studienkolleg kaɗai zango biyu ne, wato shekara guda. Matakan harshe kuwa shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma a kiyasin cibiyar Goethe, wato cibiyar Jamus mai koyar da Jamusanci a ƙasashen duniya, kaiwa C1 na cin darasi 800 zuwa 1,000 masu minti 45. A kwas mai darasi 20 a mako, wannan mako 40 zuwa 50 ke nan, idan ba a maimaita ko mataki ɗaya ba, ba a yi rashin lafiya ba, ba a jira buɗe sabon aji ba. Yaron da ya sauka a Jamus bai san ko gaisuwa ba ya riga ya cinye rarar lokacinsa tun kafin ya fara. Ga shi kuma kowane wata da ya yi yana koyon A1 da A2 a can, da Yuro ake biyan haya da abinci. Waɗannan matakan na farko, har zuwa B1, a gida ya dace a yi su. Cibiyar Goethe na da reshe a Legas, da Akara, da Yawunde, kuma tana shirya jarrabawar da ofisoshin biza da jami'o'i suka amince da ita. Ɗaliban Kamaru sun daɗe da gane wannan, suna cikin 'yan Afirka mafi yawa a jami'o'in Jamus, kuma da yawansu da shaidar harshe a hannu suke barin gida.

Jami'ar da ke koyarwa da Jamusanci kan nemi ɗaya daga cikin waɗannan jarrabawoyin harshe: DSH a mataki na 2, ko TestDaF da maki 4 a kowane ɗaya daga sassansa huɗu, ko telc C1 Hochschule. A lura da kalmar "kowane". Wanda ya samu 5 a karatu da sauraro da magana, amma ya samu 3 a rubutu, jami'o'i da yawa ba za su karɓa ba. Rubutun ne ke kayar da yawancin ɗalibai, saboda ana so a yi bayanin jadawali a kuma kafa hujja cikin ƙayyadadden lokaci, abin da hira da abokai a gari ba ta koyarwa.

Kafin ma a zo batun harshe, sai a tambaya: shin takardun yaron sun ba shi damar shiga jami'ar Jamus? Akwai rumbun bayanai na hukuma mai suna anabin da ke nuna darajar takardun kowace ƙasa. Ga ɗan Najeriya, sakamakon WAEC ko NECO shi kaɗai ba ya kai mutum aji ɗaya na jami'a kai tsaye a mafi yawan lokuta. Ko dai ya bi ta Studienkolleg, ko ya nuna ya yi wani ɓangare na karatun jami'a a gida a fannin da yake nema. Studienkolleg ɗin ma ba shiga ake yi haka kawai ba. Ana neman B1 ko B2, akwai jarrabawar shiga ta Jamusanci, sau da yawa har da lissafi, kuma guraben na gwamnati kaɗan ne. An raba shi gida-gida: T ga masu injiniya da kimiyya, M ga likitanci da ilmin halittu, W ga tattalin arziki da kasuwanci, G da S ga fannonin adabi da harsuna. Gidan da yaro ya shiga shi ke yanke fannin da zai iya karanta, don haka wanda ya bi W ba zai waye gari ya ce likitanci yake so ba. Jarrabawar fita, Feststellungsprüfung, sau ɗaya tak ake maimaita ta. Akwai kwalejojin share fage masu zaman kansu da ke karɓar dubban Yuro. A bincika ko gwamnati ta amince da jarrabawarsu, domin wasu takardarsu jami'a ɗaya ko biyu kaɗai ke karɓa. Masu babbar difloma ta HND da ke neman digiri na biyu su ma su tambayi jami'ar a rubuce kafin su kashe ko sisi, saboda da yawa ba sa ɗaukar ta daidai da digirin farko.

Jami'o'i masu yawa ta hannun uni-assist, wata cibiya mai tantance takardun masu neman gurbi, suke karɓar takardun baƙi. Ana biyan Yuro 75 na kwas na farko, da Yuro 30 na kowane ƙari a zango ɗaya. Ranakun rufewa da aka saba su ne 15 ga Yuli don zangon hunturu da ke farawa a Oktoba, da 15 ga Janairu don zangon bazara da ke farawa a Afrilu, sai dai wasu kwasa-kwasan digiri na biyu kan rufe wa baƙi tun watanni kafin haka. Tantancewa na ɗaukar makonni. Wanda ya tura takardu ana saura kwana uku, aka ga shafi ɗaya ya ɓace, ya rasa zangon gaba ɗaya. A kuma tanadi sabon katin duba sakamako na WAEC ko NECO, domin ta intanet suke tabbatar da sakamakon.

A nan akwai matsalar da ta fi damun mu 'yan Arewa, kuma ba a cika kula da ita ba sai ta zama ciwo: suna da ranar haihuwa. A ɗauki yaron da takardar firamare ta rubuta shi Muhammadu Sani, WAEC ta rubuta Mohammed Sani Funtua, jami'a ta rubuta Sani Muhammad, fasfo kuma ya mayar da sunan garin ya zama sunan dangi. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, kowa ya san shi. A teburin jami'in da ke gwada harafi da harafi, mutum huɗu ne. Haka ranar haihuwa: takardar rantsuwar shekaru ta ce 1 ga Janairu, ta asibiti ta ce wani wata daban, lambar NIN ta ce wata shekara. Hukumomin Jamus ba sa karɓar takardun Najeriya ido rufe, sukan sa a bincika asalinsu, kuma saɓani irin wannan na jawo jinkiri na watanni ko a ƙi bayar da biza. Gyaran a gida ake yin sa, tun kafin a tura takarda ta farko: a tsayar da rubutu ɗaya na suna daidai da fasfo, a samu takardar haihuwa ko ta shaida daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, inda aka samu bambanci a tsofaffin takardu kuma a haɗa da rantsuwar kotu da ke bayyana shi.

Sai kuɗi. Tun daga Satumban 2024, abin da ake so ɗalibi ya nuna shi ne Yuro 11,904 na shekara guda, wato Yuro 992 a wata. Mai bizar harshe zalla da mai neman gurbi ana ƙara musu kashi 10 cikin 100, ya zama Yuro 1,091 a wata. Adadin na sauyawa, don haka a duba shafin ofishin jakadanci a makon da za a tura kuɗin. Hanyar da aka fi bi ita ce kullallen asusu, Sperrkonto, wanda kamfanoni irin su Fintiba da Expatrio ke buɗewa ta intanet. Ana zuba kuɗin shekarar gaba ɗaya, ɗalibi kuma ba ya iya cirar fiye da kason wata. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne a tura daidai adadin, bankunan da kuɗin ya ratsa su yanki ladansu, ya isa da giɓin Yuro 20 ko 30, sai a ƙi fitar da takardar shaida har a cike. A tura da ɗan ƙari. Wanda ke da tallafin karatu, kamar na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, takardar tallafin na iya maye gurbin asusun. Akwai kuma hanyar wani mazaunin Jamus ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, amma 'yan uwanmu da ke can su san abin da suke sa wa hannu: alhakin na bin su har shekara biyar, kuma duk abin da gwamnati ta kashe a kan yaron, har kuɗin mayar da shi gida, su za a bi bashi.

Muna roƙon iyaye su guji dabarar aro kuɗi a zuba a asusu don a nuna kawai. Kullallen asusu ba ya barin a kwashe, kuma idan shekara ta zagayo, ofishin baƙi, wato hukumar da ke bayar da izinin zama a Jamus, zai sake tambayar da me yaron zai rayu a shekara ta biyu. Yuro 992 ɗin nan ma ba yalwa ba ce. Inshorar lafiya ta ɗalibai na cin sama da Yuro 120 a wata, akwai kuɗin zango da kowace jami'a ke karɓa wanda kan kai 'yan ɗaruruwan Yuro, akwai harajin rediyo da talbijin Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ga haya, wadda a birane kamar Munich za ta iya lashe fiye da rabin kuɗin. Batun kyauta kuma ba ko'ina ba ne: jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 a zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ita ma ta fara karɓa daga zangon hunturu na 2024.

Kan inshora akwai wani tarko. Inshorar gwamnati mai rangwame ta wanda ya yi rajistar digiri ce kuma bai kai shekara 30 ba. Mai koyon harshe da ɗan Studienkolleg galibi ta kamfani mai zaman kansa za su saya. Idan yaro ya zo rajistar jami'a aka ba shi zaɓin ya ci gaba da mai arahar ta hanyar sa hannu cewa ya yafe ta gwamnati, ya yi tunani sosai, domin wannan yafewa ba a janye ta har ya gama karatun.

Neman bizar kansa kuɗinsa Yuro 75 ne. Tun daga Janairun 2025 ana iya cike takardu da ɗora su a shafin intanet na ma'aikatar harkokin wajen Jamus, amma sai an je da kai a ɗauki hoton yatsu. Layin jira a Najeriya na da tsawo, don haka a shiga da wuri, kada a jira sai Agusta. Wasiƙar bayyana dalili ɗalibi ya rubuta da kansa. Wadda dillali ya rubuta wa mutum hamsin ana gane ta, kuma za a yi wa yaro tambaya a kan abin da ke ciki: me ya sa wannan jami'a, waɗanne darussa ne a zangon farko, me zai yi da digirin. Daga 1 ga Yulin 2025 an soke damar rubuta koke ga ofishin jakadanci idan an ƙi biza. Abin da ya rage shi ne sake nema daga farko, ko shigar da ƙara a kotun gudanarwa da ke Berlin, abin da ke cin kuɗi da lokaci. Takardar bogi kuwa, ko ta banki ko ta makaranta, laifi ne da dokar ta tanadar wa ɗaurin da ya kai shekara uku, ban da kora da hana shiga.

Bayan sauka, bizar da ke fasfo ta 'yan watanni ce kawai. A cikin mako biyu da shiga gida dole a yi rajistar adireshi a ofishin gari, kuma ba a yi sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu. Ɗakin da aka ce "zauna amma ba rajista" a guje shi komai araharsa, domin ba tare da rajistar ba, buɗe asusun banki na yau da kullum na wahala, kason wata na kullallen asusu ba shi da inda zai faɗa, ofishin baƙi kuma ba zai saurari mutum ba. Daga nan sai a nemi katin izinin zama, wanda kuɗinsa ke kai Yuro 100, tun kafin biza ta ƙare. A manyan birane samun ranar ganawa na ɗaukar watanni. Abin da ke ceton ɗalibi shi ne shaidar cewa ya shigar da buƙatarsa a rubuce kafin ranar ƙarewar. Da ita zamansa na nan halal har a yanke hukunci, kuma ana iya ba shi takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. Kada ya fita ƙasar da ita sai ya tabbatar irin wadda ke ba da damar dawowa ce.

Aiki ya halatta, amma da awo. Tun daga 1 ga Maris 2024 ɗalibi na da cikakkun ranaku 140 ko rabin ranaku 280 a shekara, ko kuma a lissafa masa da awa 20 a mako lokacin karatu. Rabin rana na nufin awa huɗu ko ƙasa da haka. Wanda ya yi awa huɗu da rabi a ɗakin ajiyar kaya, a lissafin ranaku an cire masa rana guda cur, kamar wanda ya yi takwas. Mai bizar harshe zalla awa 20 a mako ne iyakarsa. Aikin taimaka wa malami a cikin jami'a ba ya shiga wannan ƙidaya. Sana'ar kai kuwa, irin ta saye da sayarwa ko aikin kwamfuta ga abokan ciniki, sai da izinin ofishin baƙi, kuma wannan ya shafi yaranmu ƙwarai, waɗanda da yawansu sun tashi da kasuwanci a jini, suna ganin tura kaya gida ko sayar da turare ta waya ba wani abu ba ne.

Hukuma na bin ci gaban karatu. A lokacin sabunta izini sukan nemi shaidar darussan da aka ci, kuma wanda aiki ya cinye har ya wuce lokacin da aka saba gama kwas ɗinsa da fiye da zango uku zai sha tambaya. Sauya fanni a cikin zango uku na farko ba ya cika zama matsala, bayan haka sai an nemi yarda. Wanda ya zo gida hutu ko jinya ya zarce wata shida ba tare da izini ba, katin zamansa ya mutu da kansa ko da ranar da ke jikinsa ba ta cika ba. Wanda ya kammala kuwa, doka ta ba shi wata 18 ya nemi aiki, kuma a cikinsu yana iya yin kowane irin aiki.

Roƙonmu ga hukumomin bayar da tallafin karatu na jihohinmu da sassan harsuna na jami'o'inmu shi ne su buɗe azuzuwan Jamusanci masu inganci har zuwa B1 a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su kuma nemi a riƙa kawo jarrabawar kusa, domin a yanzu sau da yawa yaron Arewa sai ya haɗa da kuɗin mota da masauki a Legas kafin ya samu takardar da za ta buɗe masa hanya. Iyaye kuma, kafin a sayar da fili ko shanu, a sa dillali ya nuna a rubuce sashen dokar da za a nemi bizar a ƙarƙashinsa, da sunan jami'ar, da abin da anabin ta ce kan takardun yaron. In ya kasa kawo waɗannan uku, a riƙe kuɗin.

Mun gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu ba ɗalibai shawara kan karatu a ƙasashen waje,
Kano.